Allura a Kan Faifai: Sana'ar Dije da Samarin Tasawa da Mayahi

Da zarar an kammala girbi, an ɗaure dammunan hatsi an cika rumbu, wake da gujiya kuma sun isa kasuwa, to lokacin bukukuwa ya kama a ƙasar Tasawa da Mayahi. Daga Korgom zuwa Urafan, daga Kanambakashe zuwa Sarkin Hausa, da wuya mako ya shige ba a ɗaura aure ko an raɗa suna ba. A da, wanda ake fara aika wa goron gayyata shi ne makaɗi, mai kalangu ko mai ganga, tare da maroƙansa. Yanzu an samu baƙo wanda ake aika wa goron tare da su, wani sa'in ma kafin su. Shi ne saurayin nan da ke isowa ƙofar gidan buki bayan la'asar, ya ɗoro manyan akwatunan sauti biyu da injin wuta a kan amalanke, kwamfuta ko wayar salula na cikin jakarsa. Yara suna kiran shi dije.

Galibin dattawa, har da waɗanda suka biya kuɗin ɗauko shi, ba su ɗauki abin da yake yi sana'a ba. A ganinsu wani ya rera waƙa a Kano ko Yamai, wani ya ƙera na'ura a ƙasar Sin, shi kuwa nasa danna maɓalli da karɓar kuɗi. Zargin yana da ƙamshin gaskiya a kan wasunsu. Amma sunan da yaran nan suka ara yana da asali, kuma a bayansa akwai gwaninta wadda ta haura shekara 50 ana miƙa ta hannu da hannu. Samarin fada sun fara cin karo da ita a cikin wayoyinsu: hoton bidiyo na mutum tsaye gaban garmaho biyu, hannu ɗaya a kan faifai yana ja yana turawa, ɗayan yana wasa da wata ƴar sakata, sauti kuwa na fita kamar faifan ne ke magana. Wanda ya gani sau ɗaya yakan maimaita kallo, sa'an nan ya juya ya tambayi na kusa da shi yadda ake yin haka.

Amsar ta faro ne daga unguwar Bronx ta birnin Niyu Yok a Amurka, unguwar talakawa baƙar fata da baƙi daga tsibiran Karibiyan. Ran 11 ga watan Agusta na 1973, wata yarinya mai suna Cindy Campbell ta shirya wasa a ɗakin taron wani gidan bene mai lamba 1520 a titin Sedgwick, don ta tara kuɗin sayen tufafin komawa lakwal. Mata suka biya santi 25, maza santi 50. Wanta Clive, haifaffen Jamaika wanda ake yi wa laƙabi da Kool Herc, shi ya sa faifai a daren. Herc ya lura da abin da kowane makaɗin dandali ya sani tun yana yaro, wato masu rawa ba dukan waƙa suke jira ba, jira suke a zo wurin da mawaƙi ya yi shiru aka bar ganga ita kaɗai. A faifan James Brown da makamantansa wannan wuri bai wuce ƴan daƙiƙu ba. Sai ya riƙa sayen faifai iri ɗaya guda biyu, ya aza kowane a kan garmahonsa. In gurbin gangar ya ƙare a na dama, ya saki na hagu, ya mayar da allurar na dama baya, ta haka ƴan daƙiƙu suka zama mintoci, masu rawa suka samu fili.

Wanda ya gyara wa dabarar zama shi ne Joseph Saddler, wato Grandmaster Flash, haifaffen Barbados, wanda ya koyi aikin lantarki a makarantar sana'a. Flash ya ƙara wa akwatin haɗa sauti wani makunni da ke ba shi damar jin faifai na biyu a kunnensa kafin jama'a su ji. Ya riƙa yi wa faifai alama da alli mai maiƙo, yana ƙirga zagayen da zai mayar da shi baya don ya faɗa daidai kan bugun da yake so. Ya kuma shimfiɗa ƙyalle mai sulɓi tsakanin faifai da farantin garmaho, yadda in ya dafe faifan da yatsa, farantin zai ci gaba da juyawa a ƙarƙashi. A gidan abokin aikinsa Mean Gene akwai wani ƙane, Theodore Livingston, wanda sai ya taka akwati yake kai wa ga na'urar. Labarin da shi kansa yake bayarwa shi ne, wata rana wajen 1975 yana sa faifai da ƙarfi mahaifiyarsa ta shigo tana faɗa, ya dafe faifan don ya saurare ta, hannunsa ya motsa gaba da baya, sai ya ji wani sauti da bai taɓa ji ba. Daga nan aka samu karce faifai, shi kuma ya zama Grand Wizzard Theodore. A lura, wanda ya gano abin yaro ne ɗan shekara 12 ko 13, kuma ya gano shi ne domin manya sun bar shi ya taɓa kayan aiki.

Yadda abin ke aiki ba shi da wuyar fahimta. Sautin faifai yana kwance ne cikin wani siririn zane mai karkace-karkace, allura na bin zanen tana rawa, rawar nan ita ake mayarwa murya. Garmaho na juya faifai sau 33 da sulusi ko sau 45 a minti ɗaya. In hannu ya tura shi fiye da haka, murya ta yi sama ta sirance. In ya rage, ta yi ƙasa ta yi kauri. In ya ja baya, ta fito a birkice. Ƴar sakatar da ke tsakiyar akwatin haɗa sauti ita ke buɗe murya ta rufe ta, ita ke yanka sauti ɗaya gutsure-gutsure. Bahaushe ba baƙo ba ne a nan. Mai kalangu yana rataye ta ƙarƙashin hamata, ya matse igiyoyin jikinta fata ta ɗame murya ta hau, ya sassauta ta sauka, ɗayan hannun na bugu, har kalangu ta faɗi sunan mutum da na ubansa kowa ya gane. Hannu ɗaya na lanƙwasa murya, ɗaya na yanka lokaci: aikin ke nan a wurin mai kalangu, shi ne kuma a wurin mai karce faifai. Da za a zaunar da su biyun a tabarma ɗaya, ba su bukatar tafinta.

Ba kowane garmaho ke jure wannan wahala ba. Wanda ya jure shi ne Technics SL-1200, wanda kamfanin Matsushita na Japan ya fitar a 1972, domin injinsa na juya faranti kai tsaye ba da bel ba, saboda haka ko an dafe shi an saki nan take yake komawa gudunsa. Samfurin 1979 ya zo da abin ƙara gudu ko rage shi da kashi 8 cikin 100, wanda ya ba dije damar daidaita bugun faifai biyu su tafi tare. Duniya ta ga abin da idonta a 1983 da 1984, lokacin da Herbie Hancock ya fitar da kiɗan Rockit tare da Grand Mixer D.ST, suka kuma buga shi a bukin kyautar Grammy. A Faransa gidan talabijin na TF1 ya buɗe wa sabon kiɗan fili a 1984 ta hannun Sidney, a shekarar da Dee Nasty ya fitar da faifansa na farko. Gasar DMC ta soma a Landan a 1985, kuma a 1997 wani yaro ɗan Kanada mai shekara 15, A-Trak, ya cinye ta. A 1995 ne DJ Babu ya fara kiran kansa turntablist, don ya raba tsakanin mai sa waƙar wani da wanda ya mayar da garmaho abin kiɗa. Daga baya sana'ar ta shiga aji: Jam Master Jay na ƙungiyar Run-DMC da abokansa suka buɗe Scratch DJ Academy a Niyu Yok a 2002, shekarar da aka kashe shi, kwalejin kiɗa ta Berklee kuma ta sa darasin cikin tsarinta a 2004.

To me ya hana wannan gwaninta kafuwa a ƙasar Maraɗi, alhali an san garmaho tun zamanin Turawa? Tsofaffin ma'aikata suna tune da faifan Mamman Shata da na makaɗan Kwango a gidajen mushe da akawu cikin shekarun 1960 da 1970. Sai dai faifai ba ya shiri da ƙasarmu: zafin bazara na tanƙware shi, ƙurar hunturu na cin zane da allura. Da kaset ya zo, mai arha, mai shiga aljihu, wanda ake kwafa a kasuwannin Kano da Maraɗi, sai aka tura garmaho ƙarƙashin gado. Shi kuwa kaset ba ya karɓar hannu, zarensa na cikin gida a rufe. Bayan Taron Ƙasa na 1991 baki ya buɗe, gidajen rediyo masu zaman kansu suka fito, R&M a Yamai a 1994, sa'an nan Anfani wadda ta kai reshe Maraɗi, samari kuma suka fara jin Positive Black Soul na Dakar da MC Solaar. A daidai wannan lokaci, ran 12 ga Janairu na 1994, aka karya darajar sefa, tamma ɗaya ta Faransa ta tashi daga sefa 50 zuwa 100, duk abin da ake shigowa da shi daga Turai ya ninka kuɗi a dare ɗaya. Ƴan kasuwa ba su manta da ranar ba. Ƙungiyoyin rap da suka taso bayan haka, irin su Lakal Kaney da Wass-Wong da Kaidan Gaskiya, sun ɗauki makirho sun yi abin a zo a gani da Hausa da Zabarmanci da Faransanci, amma galibi a kan kiɗan da aka riga aka naɗa. Makirho ɗaya ya fi garmaho biyu da tulin faifai sauƙin samu. Aka ɗauki baki, aka bar hannu.

Daga kaset aka tsallaka faifan CD, daga nan sai ɗan katin waya. Masu tura waƙoƙi suka kafa tebur a tasha da bakin kasuwa, waƙoƙin finafinan Kano suka cika ƙauyukan Gulbin Kaba. Ta wannan hanya ce waƙoƙin da Mdou Moctar, ɗan jahar Tawa, ya naɗa a Sakkwato a 2008 suka zagaye Sahel daga waya zuwa waya, har suka faɗa hannun wani Ba'amurke da ya sa ɗaya cikin kundin da ya fitar a 2011. Sa'an nan na'ura ta zagayo ta dawo inda aka baro. Manhajar VirtualDJ ta fito a 2003, Serato Scratch Live a 2004, aka kuma ƙera ƙananan akwatuna masu faranti biyu da sakata a tsakiya, waɗanda ake haɗawa da kwamfuta ko waya, suna kwaikwayon garmaho. Waƙar da ke cikin kati yanzu tana karɓar hannu kamar faifai. Katangar kuɗi da ta tare iyaye a 1994 ta rage tsawo ƙwarai. Abin da ya saura shi ne malami.

Koyon dije a garuruwa irin su Tasawa da Mayahi yana bin hanyar da koyon tuƙi ke bi a tasha. Yaro ya liƙe wa mai kaya, ya yi dakon akwatunan sauti, ya naɗe waya, ya zuba mai a inji, ya kwana gadin kaya. Bayan watanni a bar shi ya sa waƙa da maraice, lokacin da ƙananan yara kaɗai ke fili. Yana koyon abubuwa masu amfani ta haka, musamman karanta taro, wato sanin waƙar da za ta tayar da ƙawayen amarya da wadda za ta zaunar da su. Amma ubangida ba ya ba da abin da ba shi da shi, wanda yake da shi kuma yakan ɓoye, don gudun kada yaro ya buɗe nasa ya janye masa masu buki. Don haka ƙirga bugu huɗu-huɗu, da daidaita gudun waƙa biyu da kunne ba tare da kallon allon kwamfuta ba, da shigar da wata cikin wata ba a ji ɗinki ba, balle karce, duk sai yaro ya tsinta da kansa a bidiyo, in yana da kuɗin intanet, cikin harshen da ba lalle yana ji ba.

Akwai kuma abin da ya fi gwaninta gaggawa. Yawancin akwatunan sauti da ke mutuwa, ba tsufa ke kashe su ba, murɗa ampili ne fiye da ƙarfinsa har murya ta dusashe tana kaza-kaza, mai kaya kuwa na ɗauka ƙara ita ce kyau. Kunne ma haka yake mutuwa, sai dai shi ba a sayen sabo a Kano. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a 2022 cewa a wuraren kiɗa kada matsakaicin ƙarfin sauti ya wuce desibel 100 cikin kowane minti 15, ga shi kuwa a dandalin buki ƙananan yara ne ke manne wa bakin akwati. Ga wayar wuta tsirara a kan ƙasa inda ake rawa ba takalmi. Waɗannan darussa ne na mako ɗaya, kuma duk mai gyaran rediyo na gari zai iya ba da rabinsu.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan hukuma da ƴan kasuwa da wasan yara. Ƙidayar 2012 ta nuna kowace daga cikin gundumomin biyu ta haura mutum dubu 500, kuma kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba. Gona ta tsuke, gado na raba ta kowace shekara. Da an gama aikin damina samari sai cin rani, wasu Kano da Legas, wasu Agadas da Libiya, wasu wuraren zinariya tun da aka buɗe na Jado a 2014. Sana'ar da ake yi da rani, a gida, a kuma biya nan take, ba abin rainawa ba ce ko da mutum goma kaɗai za ta riƙe a gari. Kuma wanda ya iya haɗa sauti ba buki kaɗai ke neman shi ba. Wa'azi na neman shi, da filin kokowa, da taron siyasa, da masu shelar rigakafi, da rediyon karkara irin waɗanda aka fara kafawa daga Bankilare a 1999.

Sai dai baƙon bai shigo ba tare da ya taka sawun kowa ba. Na farko makaɗan gado, waɗanda buki ne gonarsu. Kowace jika da aka liƙa wa dije, daga bakinsu aka cire ta. Abin dariya a nan shi ne, ɗan malam ko ɗan alhaji da ba zai taɓa rataya kalangu ba don kada a kira shi maroƙi, yakan riƙe makirho ya kira sunan uwar amarya da na ƙanwar ango har su taso su yi liƙi. Roƙo ne ya sake riga, shigege ya shiga gonar mai gado. Na biyu malamai da iyaye, masu kukan cakuɗar maza da mata da raba dare ana ƙara har kusan kiran assalatu. Wanda ya san tarzomar da ta tashi a Maraɗi da Yamai a watan Nuwamba na 2000 kan bukin nunin tufafi na FIMA ya san wannan kuka ba na wasa ba ne a jahar nan. Dijen da bai san lokacin kashe inji ba, yana jawo wa dukan ƴan sana'ar hani daga mai gari.

Game da makaɗa, Bamako ta nuna wata hanya. Tun ƙarshen shekarun 1990 ƴan dijen unguwanni suka ɗauki kiɗan balafon na ƙauye, wanda ɗauko masu shi ke da tsada, suka riƙa sa shi a titi suna ƙara masa bugun na'ura, har abin ya zama wani kiɗa mai suna Balani Show. Ba su jira faifan Amurka ba, da nasu suka yi. Herc ma abin da ya tarar a ɗakin ubansa da shagunan unguwa ya juya. Saurayin Mai Jirgi ko na Caake da ya iya karce muryar mawaƙin Amurka ya yi kwaikwayo mai kyau, amma wanda ya naɗi kalangun garinsu da kiɗan ƙwarya da gangar noma, da yardar masu su da kuma rabonsu, ya yanka ya jera, shi ne zai zo da abin da ba a taɓa ji ba a Niyu Yok. Batun rabo ba alfarma ba ne, akwai ofishin kare haƙƙin masu fasaha na BNDA a Yamai, kuma ya kamata mai koyo ya ji sunansa tun ranar farko.

Wuraren koyarwa ba sai an gina sababbi ba. Akwai gidajen samari da al'adu da aka gada tun zamanin Samariya, akwai cibiyoyin koyon sana'a na ƙananan hukumomi inda ake koyar da ɗinki da walda da lantarki, akwai asusun FAFPA mai tallafa wa koyon sana'a, akwai kuma cibiyar kiɗa ta Elhaji Taya da aka buɗe a Yamai a 1989, wadda ke da masana da tarin kayan kiɗan gargajiya. Akwati ɗaya mai faranti biyu, da kwamfuta ɗaya, da abin sawa a kunne, sun isa yara goma su yi layi, domin hannu ba ya jure karce fiye da ƴan mintoci a farkon koyo. Wuta ma ba hujja ba ce. Layin da ke kawo lantarki daga Katsina ta Gazawa ya mutu daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024 lokacin takunkumi, amma irin wannan akwati daga jikin kwamfuta yake shan wuta, faranti ɗaya na hasken rana da batir sun riƙe shi. Alhazan da ke sayen kayan sauti suna bayarwa haya su ne za su fara cin riba, tun da yaron da aka koya wa aiki ba ya ƙona ampili. Kuma ba a ce ajin na maza kaɗai ba: taron mata na cikin gida, inda ba a son namiji ya shiga, kasuwa ce da ke jiran ƴan mata masu iya aikin.

Saura kayan da za a karce. A farkon shekarun 1960 Tolia Nikiprowetzky ya naɗi makaɗan Nijar, kamfanin Ocora na Paris ya buga su a faifai. David Ames ya yi irin wannan aiki a ƙasar Zazzau. Muryar Sahel na da zarurrukan da ta tara tun tana Rediyo Nijar, cibiyar CELHTO ma haka. A Tasawa da Mayahi kansu, cikin adakar tsofaffin malaman lakwal da ma'aikatan gidan waya da suka yi ritaya, akwai faifan da ba a aza wa allura ba tun zamanin Kunce, magada kuma kan zubar da su ranar rabon gado ko yara su mayar da su abin wasa. Wanda ke da irinsu a gida ya goge su da ƙyalle mai laushi yana bin zagayen zane, ya mayar da kowane cikin rigarsa ta takarda, ya jingine su a tsaye cikin ɗakin ƙasa mai sanyi. Faifan da aka adana haka yakan shekara 50 yana magana, wanda aka bari kwance ƙarƙashin rufin kwano kuwa watan Afrilu ɗaya ya isa ya tanƙware shi.